Zangon Kwatano da Birnin Na'ura: Wa Zai Tsaya wa Baƙo?

Duk wanda ya baro tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya miƙa cikin gari, ba zai yi nisa ba zai tsinci kansa a unguwar Zongo, inda babban masallaci yake, inda ake jin Hausa da Zabarmanci da Dendi da Yarbanci da Fon a layi guda, inda manyan motoci ke fakewa suna jiran a kira su shiga tasha. A takardun hukuma unguwar tana cikin gunduma ta 5 daga gundumomi 13 na birnin. Tun hawan Shugaba Patrice Talon a 2016, gwamnatin Jamhuriyar Benin ta duƙufa wajen mayar da aikin hukuma kan kwamfuta. An ɗauki hoto da zanen yatsun jama'a tsakanin ƙarshen 2017 da 2018, an ba kowa lambarsa, an yi dokar harkokin intanet, an buɗe shafin neman takardun hukuma a 2020, an kuma kafa Sèmè City don koyarwa da ƙirƙirar fasaha. Wannan duk share fage ne na abin da masu tsara birane ke buri, wato birnin na'ura, garin da kyamara da waya da rumbun bayanai ke lura da zirga-zirga da ruwa da shara da haraji. Masu zana irin wannan tsari sukan fara lissafi daga wutar lantarki da igiyar intanet da tsaron bayanai. A ganina akwai sharaɗin da ya riga waɗannan duka, kuma tarihin zango ya fi kowane littafin injiniya bayyana shi: tsarin da zai riƙe garin ciniki dole ya san yadda ake saukar da baƙo, ya kuma ajiye mutum sananne wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci.

Zango a asalinsa wurin da ayari ke yada kaya ne idan rana ta yi. A ƙarni na 19, bayan jihadin 1804 ya haɗa ƙasar Hausa ƙarƙashin daular Sakkwato, fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ya bunƙasa ƙwarai. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan hanya. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafin rini da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki ko Parakou, su bi Djougou, su sauka Salaga, su juyo da goron ƙasar Asante. Tafiyar takan ci watanni, ayari kuwa yana da tsarinsa: madugu ne shugaba mai sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da na baya. A garuruwan da yau suke arewacin Benin, 'yan kasuwa Musulmi sun zauna a unguwanninsu na dabam, harshen Dendi ya zama na ciniki tare da Hausa. Sarkin gari ba ya buƙatar sanin sunan kowane bafatake, ya ishe shi ya san shugaban baƙi wanda zai amsa kira. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa kuma ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka gangara bakin teku. Zanguna suka tsiro a Akara da Lome da Ikko, goro ya koma bin jirgin ruwa, daga baya kuma jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911. Hanya ta sauya, amma tsarin saukar baƙo ya bi mutanensa duk inda suka je.

Kwatano kuwa ƙaramin gari ne na masarautar Dahome a zamanin Sarki Gezo, wajen 1830. Faransa ta ƙulla yarjejeniya a kansa a 1868 da 1878, ta haƙa mashigar da ta haɗa tafkin Nokoué da teku a 1885, ta kafa gadar ƙarfe ta sauke kaya a farkon shekarun 1890, ta kuma yaƙi Sarki Behanzin tsakanin 1892 da 1894 da rundunar da a cikinta akwai bataliyar da ake kira ta Hausawa. An fara shimfiɗa layin dogo a 1900, ya kai Parakou a 1936, tsawon kilomita 438, ya tsaya nan bai taɓa kaiwa Nijar ba. Wannan tsayawar ita ta haifi sana'ar dubban mutane, domin sai an sauke kaya a Parakou a loda wa motoci zuwa Malanville da Gaya da Doso, daga can su rabu zuwa Yamai ko Maraɗi. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri tsakanin Dahome da Nijar, a 1965 kuma aka buɗe tashar manyan jiragen ruwa, Kwatano ya zama ƙofar teku ta Nijar. Turawa sun zana garin a kan layuka miƙaƙƙu, suka yanka shi fili-fili, kowane da lambarsa, abin da har yau mutanen gari ke kira kare idan suna kwatancen gida. Tsarin bayanai ne wannan ma, irin na zamaninsa, amma filaye yake ƙirgawa da masu zama a kansu don haraji. Mutumin arewa da ya zo da dabbobi ko ya zo fitar da kaya, ya yi mako uku ya koma, ba shi da gurbi a wannan lissafi. Gurbinsa yana zauren maigidansa a Zongo, kusa da tashar jirgin ƙasa da bakin ruwa.

Yadda wannan zaure yake aiki an yi nazarinsa filla-filla a zangunan maƙwabta. Abner Cohen ya rubuta a kan Sabo ta Ibadan a 1969, Michel Agier kuma a kan zangon Lome a 1983, abin da suka gani kuwa kowane tsohon ɗan zango ya san shi. Mai dabbobi ya iso daga arewa da yamma, a gajiye, bai san harshen gari ba, bai san mai biya da mai cin bashi ba. Ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da tabarma da abinci ba tare da ya biya kuɗin kwana ba. Da safe maigida ya haɗa shi da dillalinsa, a shiga kasuwa, a taya, a yi albarka, a sake tayawa, har a sallama. Mahauci sau da yawa ba shi da kuɗi a hannu, sai ya yanka ya sayar sannan ya biya. Mai dabba bai san mahaucin ba, amma maigida ya san shi, ya san gidansa, ya san sau nawa ya taɓa saɓa alkawari, saboda haka shi ne zai tsaya lamuni. In mahauci ya gudu, maigida zai biya daga aljihunsa. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuwa sunansa. Labarin farashi da na wanda ya karye da na hanyar da ta lalace yana zagayawa sau biyar a rana a ƙofar masallaci. In rigima ta tashi a je gaban sarkin zango ko limami, hukuncin da ya fi ciwo kuma shi ne labarin rashin amanarka ya riga ka isa Maraɗi ko Sakkwato.

Idan aka warware wannan da idon mai tsara na'ura, za a ga cewa zaure ɗaya ya haɗa ayyukan da yau ake raba wa ofisoshi shida: tantance ko wane ne mutum, auna ko ya cancanci bashi, ajiyar kaya da kuɗi, tafinta, labarin kasuwa, da raba gardama. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne cewa mai riƙe da bayanin shi ne mai ɗaukar asara idan bayanin ya zama ƙarya. A nan ne tsarin kwamfuta ke yawan faɗuwa. Yakan ɗauka cewa kowane mai amfani da shi mazauni ne, yana da lambar shaida ta ƙasar, yana da adireshi, yana karanta Faransanci, wanda shi kaɗai ne harshen hukuma a Benin. Alhajin da ya taso daga Birnin Ƙonni ko Illela, mai lissafin miliyoyin sefa a ka, wanda karatunsa na allo ne da ajami, a gaban irin wannan allon kwamfuta ya koma kamar yaron goye. Idan na'ura ta ƙi karɓar takardarsa, babu wanda zai riƙe wa riga, sai a ce masa tsarin ne bai yarda ba. Matsayin baƙon ma a doka ba ya zama wuri ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Tsarin da bai tanadi gurbin mai wucewa ba, to ya rufe ido ga mutanen da tashar Kwatano ta daɗe tana ci da su.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan mai tsara gari ya dubi taswira bai dubi mutane ba. A 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar birni, suka kwashe mutanensa zuwa bayan gari ta arewa, nisan wajen kilomita 15. A kan takarda an share unguwa mai cunkoso, a ƙasa kuwa an raba masu saukar baƙi da kasuwar da suke yi wa aiki. A Kwatano, farkon 2017, gwamnati ta shiga kwashe rumfuna da shaguna daga gefen tituna, aka kuma hana tare hanya don sallar Juma'a, hankali ya tashi har sai da shugaban ƙasa ya zauna da limamai. Kowa ya san titi na kowa ne, hukuma kuma tana da hujjarta. Amma sahun da ke malalowa kan kwalta ranar Juma'a shi kansa ƙidaya ne: yana nuna cewa mutanen da ke cikin unguwa da rana sun ninka waɗanda ke kwana a cikinta. Ƙidayar 2013 ta ba Kwatano mutum 679,012, amma kowace safiya gari yana cika da masu shigowa daga Abomey-Calavi da Porto-Novo da Sèmè, ban da baƙin ƙetare. Game da shirin kwashe kasuwar Dantokpa ta Kwatano, manyan dillalai su koma Akassato, tambayar ita ce dai ta 1977: an auna filin rumfuna, shin an auna nisan da zai shiga tsakanin mai kaya da wanda ke tsaya masa?

Sharaɗin yana da wata fuska, ita ce jure katsewa. Arzikin Zongo ya rataya ne a kan iyakokin da ba Kwatano ke riƙe da makullinsu ba. A farkon 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, cinikin motocin gwanjo ya girgiza. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ta rufe iyakokinta na ƙasa gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka toshe gadar Malanville, da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024 kuma Nijar ta bar nata a rufe, alhali kafin nan mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su daga teku ta Kwatano suke bi. Tashar ruwa tana da tagar bai-ɗaya ta kwamfuta don biyan kuɗin kwastan, amma kwamfuta ba ta buɗe gada. Mutane suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, kaya suka juya ta Lome da Burkina Faso, masu riƙe da amanar juna kuma suka ci gaba da biyan bashi da aika saƙo ta hannun sanannu, kamar yadda kakanninsu suka yi da Salaga ta faɗi. A cikin gida ma an ga irin wannan. Ranar zaɓen 'yan majalisa na 28 ga Afrilun 2019 an katse intanet a faɗin ƙasar, ambaliyar 2010 kuma ta nuna cewa garin da ke kwance tsakanin tafki da teku yana iya wayar gari rabinsa cikin ruwa. Tsarin da ba shi da hanyar aiki ran da wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, ado ne na ranar lafiya.

Mai suka zai ce wannan yabon jiya ne kawai, kuma yana da abin faɗa. Ayarin da ya ɗauko goro ya ɗauko bayi, Salaga kuwa babbar kasuwar bayi ce. Cohen da kansa ya nuna cewa tsarin Sabo hanya ce ta kankane ciniki a hannun ƙabila ɗaya. Maigida yana iya haɗa baki da dillali a danne baƙo, yaron gida yana iya tsufa yana hidima bai tara komai ba, mace da talaka kuma ba su da murya a zauren da ake yanke magana. Amanar da ke kare mai gaskiya ita ce kuma ke rufa wa fasa-ƙwauri asiri. Rubutaccen bayani, wanda kowa zai iya dubawa, yana daidaita mai uba a gindin murhu da marar kowa, wannan kuwa ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Sai dai duk waɗannan aibobi suna nuna buƙatar a sa doka a kan mai tsayawa, a rubuta la'adarsa, a ba baƙo wurin kai ƙara idan an cuce shi. Ba su nuna cewa ciniki tsakanin mutanen da ba su san juna ba zai yiwu babu mai tsayawa. In aka kore shi daga tsarin hukuma, zai dawo ta bayan gida a matsayin ɗan kamasho mai cika wa mutane fom a bakin ofis, wanda ba shi da suna da zai ji tsoron ɓatawa, ba kuma shi da asarar da zai ɗauka.

Wani kuma zai ce ai wayar hannu ta riga ta gama da maigida, tunda yau ana aika kuɗi ta MTN ko Moov, ana ganin kaya ta WhatsApp, ana kiran babur ta manhajar Gozem. A dubi abin da kyau. Aika kuɗi ta waya ya yaɗu ne saboda 'yar rumfar da ke bakin layi, inda wani sananne ke karɓar takardar kuɗi yana danna lambobi a madadin wanda bai iya ba. Ɗan kasuwar da ke Maraɗi yana kallon hoton mota ko na buhun shinkafa a wayarsa, ya aika saƙon murya da Hausa, amma kuɗinsa hannun wanda ya sani yake turawa, wanda in ya ci amana an san gidan ubansa. Hatta 'yan zemijan, masu acaɓar Kwatano, rigarsu ruwan ɗorawa tana ɗauke da lamba a baya don a san wanda za a nema. Fasahar da ta karɓu ita ce wadda ta hau kan amanar da ta tarar. Waɗanda aka zana daga sama kuwa an ga yadda suka kaya. Konza ta Kenya, da aka sanar tun 2008, ta shafe shekaru tana jan ƙafa. A Toronto ta Kanada, kamfanin Sidewalk Labs ya janye daga shirin unguwar na'ura a 2020, bayan doguwar jayayya da mazauna kan wanda zai mallaki bayanansu. Kuɗi da ƙwarewa ba su yi ƙaranci a Toronto ba, yardar jama'a ce ta yi wuyar samu.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro. Tun 2021 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a arewacin Benin, kuma ba wanda zai zargi gwamnati don tana son sanin mai shiga da mai fita. Amma a nan ma zango ya riga kyamara. A tsohon tsari baƙon da ba shi da masauki shi ne abin tuhuma, wanda ya sauka gidan wani kuwa an san inda ya fito da abin da ya kawo shi da ranar tafiyarsa. Kyamara tana ɗaukar fuska, ba ta san ɗan wane ne ba. Haɗarin da ke akwai shi ne rumbun bayanai ya zama hanyar shafa wa duk mai rawani ko mai jin Hausa da Fulatanci kashin kaji. Ran da mutanen unguwa suka fahimci cewa rajista tarko ce, za su guje ta, hukuma ta rasa idon da ya fi kowane ido gani. Dokar Benin ta tanadi hukumar kare bayanan mutane, to amfaninta ga ɗan Zongo shi ne ya san cewa akwai ta, ya iya kai kuka da harshen da yake ji, ya kuma san wa ke duba bayaninsa da dalilin dubawa.

Saboda haka duk wanda aka ɗora wa zana tsarin na'ura na Kwatano, kafin ya yi odar kyamara ko ya ja igiya, ya fara amsa tambayar da madugu da sarkin gari suka amsa shekaru 200 da suka wuce. A yi wa mai wucewa rajista mai sauƙi ta ɗan lokaci, a amince da masu saukar baƙi a matsayin wakilai masu lasisi da ke ɗaukar alhaki, a sa murya da Hausa da Dendi da Fon da Yarbanci a kowace manhajar hukuma, a bar taga ɗaya mai mutum a zaune wanda ke da ikon gyara kuskuren na'ura, a kuma tanadi takarda da biro don ran da layi ya yanke. Nauyin bai tsaya kan gwamnati ba. Sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su ma su rubuta abin da suka daɗe suna riƙewa a ka, su tura 'ya'yansu su koyi wannan fasaha, su nemi kujera a wurin da ake zana tsarin tun ba a gama ba, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Kwatano ya girma ne da kayan baƙi, kuma garin da ya daina sanin yadda ake saukar da baƙo, baƙo zai kai kayansa Lome.